Gishirin Kakana

Kakana Nolberto ya haƙi gishiri a Atakama
shekara talatin, har tari ya zame masa harshe.
Yakan ce, "Herminia, farin abin nan
ba ya riƙe komai sai ƙishirwa."
Ina ma ya ga tankunan da nake gadi.

Da hantsi madubai dubu goma
kan karkato wuya wuri guda,
su kwashi rana su aza wa hasumiya
har ido ya kasa gaishe ta.
Can sama gishirin kan sha wuta,
ya gangaro ruwa, ruwan da ba a kurɓa.
Ɗari biyar da sittin da biyar zafinsa.
Lambar nan ita ce amanata.

Jiya da la'asar gajimare ya ɓullo ta bayan duwatsu,
baƙon da ba ya aiko da saƙo.
Farantan rana na maƙwabta suka yi tsit.
Waya ta yi ƙara daga Santiyago:
"Za ku iya ƙaro mana?"
Na dubi Ambrosio, shi ya dubi allura.
Muka murɗa famfo sannu-sannu,
don injin tururi dattijo ne, ba a tashinsa da tsawa,
ƙarfe kuwa in ka gaggauta shi, tsagewa yake.
Kafin shayina ya huce mun cike giɓin.
Ba wanda ya ji a gari.
Yabonmu ke nan: a kwana ba a san da mu ba.

Ba kullum ba ne.
Akwai ranar da iska ta sa muka kwantar da madubai rigingine,
akwai daren Yuni da gishiri ya daskare a bututu
muka yi sati muna lallashinsa.
Ƙura ma tana cin rabonta, ba ta biya.

Yanzu ƙarfe uku na dare.
Mai burodi a Kalama ya kunna tanda,
injin niƙan tagulla bai rufe baki ba,
duk da ranar jiya suke aiki,
wadda muka ɓoye a rumbu tun tana ɗanya.

Tanki mai zafi ya sauka, saura kamu huɗu.
Zai kai mu asuba, in ba a sake kira ba.
A waje motar wankin madubai tana rarrafe da fitila ɗaya.
Na lashi leɓena.
Kaka, ƙishirwar tana nan,
amma ya koyi riƙe wani abu.