Juyen Mai a Murgab

Kasuwar Murgab kwantena ce a jere,
ƙarfe jikin ƙarfe, iska na wasa da leda.
Na tsai da tsohuwar Uwaz a bakin ta bakwai,
na bar ta a kunne.
Wanda ya san halinta ba ya kashe ta a Nuwamba.

Gulbarcin na ciki, ta rungume kofin shayi mai gishiri,
galan-galan sun yi sahu a bayanta.
"Tinicbek, da kuɗi ka zo ko da labari?"
Na ce da duka biyu, sai dai labarin ya fi nauyi.

Bara na sayi mai kauri, sha biyar-arba'in,
don ya gaza da somoni tamanin.
Araha ba ta ado, na sani, na dai saya.
Ranar da sanyi ya kai talatin ƙasa da sifili
na zaro geji, ga mai ya sandare
kamar kitsen rago da ya kwana a tukunya.
Na murza makulli, ta yi nishi ɗaya, ta yi gum.
Kawu Joldoshbai na kwance, ƙirji na kukan zugazugi,
asibiti kuwa sai Horog, tafiyar yini guda.
Na tara busasshen kashin shanun dutse,
na hura wuta ƙarƙashin injin,
awa biyu a tsugune,
ina lallashin wuta kada ta wuce gona da iri,
ina roƙon mai ya saki jiki.
Mun isa. Likita ya dubi Kawu, ya dubi agogo, ya dube ni.
Kawu ya tashi, yana nan yana kushe tuƙina,
amma kallon likitan nan bai bar ni ba.

Ta ajiye kofi, ta sauko da galan.
"Lambar farko ta asuba ce, ta biyu ta hawan dutse.
Biyar-arba'in. Da sanyin safiya ya gudana,
a Ak-Baital, inda injin ke haki, ya riƙe jikinsa."
Na nuna wani mai kyan kwali, sifili-ashirin.
Ta yi tsaki. "Na 'yan gayun Dushanbe ne.
Tsohuwarka ringinta ya saki,
za ta kurɓe shi kamar romo, ta ba ka shuɗin hayaƙi."
Ta sa farce a bakin murfi: hatimi bai taɓu ba.
"Jabu ma yana da kwalliya. Ka riƙa dubawa."

Filtar mai biyu ta ɗora min a tafi,
ɗaya wayam kamar gwangwanin madara,
ɗaya da nauyi, da 'yar ƙofar roba a ciki
mai hana mai zurarewa cikin dare.
Ta iska kuwa, na ciro tawa don in yi gardama,
shekara biyu ina kakkaɓe ta a jikin taya.
Ta ɗaga ta sama, ta saita rana.
Ko ɗigon haske bai ratso ba.
"Da wannan huhun kake hawa da ita?"
Ta fetur ta ce in ɗauki biyu:
man da ake aunawa da bokiti ba ya rasa yashi.

Kuɗi ya gaza. Na cika da jakar busasshen cuku,
saura ta rubuta a littafinta mai maiƙo.

Da la'asar na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi.
Sifana, noti, sai baƙin ruwa ya tsiyayo,
da ɗumi, da warin duk hanyoyin bana.
Na shafa sabon mai a zoben roba da ɗan yatsa,
na ɗaure filta da hannu kawai, yadda Baba ke yi.
Sabo ya shiga, launin zuma.

Dare ya yi, taurari kamar a miƙa hannu.
Na kashe ta.
Asuba, gilashi ya yi fari fat, gemuna ya daskare.
Na murza sau ɗaya.
Kawu ya leƙo ta taga da bargo a ka:
"Kai, wannan ƙara da sassafe, mutane na barci!"