Layi Biyu

Takardar da Lawali ya miƙo mini
layi biyu gare ta.
Na sama: wa ya ƙaga?
Na ƙasa: wa ya mallaka?
Ya ce, “Cika, Malam, azahar ta matso.”

Na ƙasa bai wahalshe ni ba.
Alhaji Mutari na kasuwar Dole
ya ƙirga mini jikka ɗari da hamsin
ran da aka kwantar da ɗana asibiti.
Na sa hannu wuri uku.
Bugawa tasa, sayarwa tasa,
in an juya shi Faransanci, nasa.
Ban yi kuka ba. Wanda ya sai da akuya
ba ya bin ta da ƙwaryar tatsa.

Na saman ne ya tsai da alƙalamina.
Lawali ya ce, “Nan kam sunanka ne.
Doka ta ce wannan ba ya sayuwa,
ko ka mutu yana nan bisa bango.”

To, Cima fa?

Cima, yayar ubana,
da muke kwana layin famfo a Garin Malam,
garwa a gaba, garwa a baya,
ruwa bai zuwa sai asuba, in ya ga dama.
Don kar barci ya sa a tsallake mu
ta ƙago mini kurar nan mai bin bashi,
da majemin da fatunsa ke tsegumi.
Ni dai na daɗa waƙafi da aya,
na ɗinke wuraren da tari ya yage mata.

Lawali ya ce, “Ta rubuta?”
Na ce ko alif.
“An ɗauki muryarta?”
Na ce kunnena kaɗai.
Ya dubi agogo, ya gyara hula.
“Babu layinta, Malam.”

Na rubuta sunana.
Haruffan suka yi mini yawa
kamar rigar aro ranar suna.

Da yamma na biyo ta duwatsun Birni.
Bakin wani famfo, wata yarinya
ta tara ƙannenta kan jarkoki
tana ba su labarin kura mai bin bashi.
Ta sauya ƙarshen.
A bakinta, kurar ce ke biya.

Ba ta nemi iznin Alhaji ba,
ba ta san ni ba.
Na tsaya har ta kai aya,
sa'an nan na ce, “Wa ya ba ki?”
Ta ce, “Nawa ne.”