Faranti Ɗaya, Tafiya Tara

Daga Dandagoro zuwa ofis
hawa biyu ne, in an tashi da sa'a.
Na farko ya zubar da ni Ƙofar Ƙaura,
na biyu ya shiga layin mai da mu a ciki,
gwiwata a buhun barkonon wata tsohuwa,
ina atishawa, tana ba ni haƙuri.

Aikina buga takardu.
Shekara bakwai yatsuna sun haddace layin nan:
sayen sababbin motoci domin sauƙaƙa wa jama'a.
Sifili tara na biye da shi
kamar 'ya'yan agwagwa bayan uwa.
In buga, in gyara waƙafi, in kai a sa hannu,
sannan in sauko bakin titi
in ɗaga nawa hannun
ga mai keken da ba ya rage ko sisi,
shi ma da gaskiyarsa, ba da ruwan rijiya yake tafiya ba.

Da can akwai wata bas, fara mai ratsin kore.
Hajiya muke ce mata, don ba ta gaggawa
kuma ba ta barin kowa a rana.
Yau tana bayan gareji bisa duwatsu huɗu,
kaji na ƙwai a kujerar direba.
An ce kuɗin gyaranta suna hanya.
Wataƙila su ma abin hawa suke jira.

Ran Alhamis albashi ya faɗo.
Na ce, Barira, ɗauko mayafin nan mai ruwan zuma,
yau ba ki hura wuta.
Ta dube ni kamar na yi zazzaɓi.

Gidan abincin na da ƙofar gilas
da sanyin da ba na Allah ba.
Aka miƙo mana takarda mai sheƙi.
Ita tana karanta sunaye daga hagu,
ni ina karanta lambobi daga dama.
Soyayyar shinkafa da cinyar kaza:
zuwa aiki sau tara.
Farfesun kayan ciki: Litinin da Talata.
Lemo mai sanyi: Ƙofar Ƙaura zuwa gida.
Na ce na ƙoshi, a kawo mini ruwa.
Ta taka mini ƙafa ƙarƙashin tebur,
ta ce wa yaron, cokali biyu.

Yaron bai tafi ba.
Farar riga, baƙin ƙulli a maƙogwaro,
amma muryar na santa,
ita ce mai cewa a matsa ciki, akwai wuri.
Mannir! Kwandastan Hajiya.
Ya ce, Malam, kana bina canjin naira ashirin
tun ranar da ta mutu mana a Ƙofar Ƙwaya
muka tura ta, har da kai, da takalmin ofis.

Da farantin ya iso
akwai ƙundu biyu da ba mu saya ba.
Ya sunkuyo ya ce, bashi ya fita.

Muka ci a hankali.
Barira ta ce gishiri bai ji ba, ta fi su iyawa,
amma ba ta bar ƙwaya ɗaya ba.
Cinyar kuwa ta naɗe ta a leda
saboda Sagir da ƙanwarsa.

A waje dare ya ninka kuɗin keke.
Muka ce bari mu taka zuwa shataletale,
daga can muka ce zuwa gidan mai,
ledar na lilo, tana ɗumama mata yatsu.

Can ta ce, sifilin nan naka,
nawa ka ce suke?
Na ce tara.
Ta yi shiru har muka wuce mai shayi.
Ta ce, gobe in ka zo bugawa
ka roƙar mana huɗu.
Ai kewayayyu ne.
A sa wa Hajiya su a ƙafa.