Ramin Ƙusa

Rumasa'u ta shigo da shi cikin bokitin fenti,
ruwan jiya bai gama tsanewa a lungu ba.
"Baba, kunkuru! A gindin badala na tsince shi,
can bayan Ƙofar Waika, cikin ciyawa."
Ya janye wuya, ya ja ƙofarsa ya rufe
kamar wanda ake bi bashi ya jiyo sallama.

Na karɓa, na juya shi a tafin hannu,
yatsana na bin gefen ƙoƙon bayansa da lalube.
Babu rami. Na yi ajiyar zuciya.

Ni na san ramin da nake nema.
Ina aji uku, ni da Tasi'u na gidan maƙera
muka ɗauko wani a bakin kududdufi.
Tasi'u ya gasa ƙusa har ta yi ja,
muka huda gefen ƙoƙon, muka zura waya,
muka ɗaure shi a turken akuya.
Na ba shi tuwo, na ba shi ɓawon kankana.
Inna ta ce a bar shi, ai yana karya sammu.
Bai ci ba.
Kullum wayar a miƙe take, ɗam,
kansa na kallon inda ruwan yake.
Kwana goma sha tara. Ran na ashirin
tururuwa ce ta fara sanar da mu.

Kududdufin nan yanzu shaguna ne,
ana cinikin tayal da katifa a kansa.

Na ce, "Rumasa'u, sako takalminki."
Ta ce za ta yi masa ɗaki da kwali,
har ta raɗa masa suna, Alhaji Sannu.
Na ce ai da ɗakinsa yake yawo,
unguwarsa ce ba ta ɗaukuwa:
ramin da yake laɓewa in rani ya tsananta,
inda dodon koɗi ke fitowa bayan ruwa,
hanyar da ya shekara yana haddacewa
taku ɗaya, taku ɗaya.

Mai adaidaita ya leƙa bokitin, ya taya dubu biyu.
Na yi kamar ban ji ba.

Ta nuna wurin, tsakanin tumfafiya da zaizayar ganuwa.
Muka ajiye, muka ja baya, muka tsuguna.
Har aka kira la'asar bai motsa ba.
Sannan hanci. Sannan ido. Sannan ƙafa guda.
Bai waiwaye mu ba, bashin me muke binsa?
Ya kutsa ciyawa kamar mai dawowa daga kasuwa.

A hanya ta ce gobe za ta zo ta gaishe shi.
Na ce ki zo,
amma ki goya hannunki a baya.