Gari da Ruwa

Ƙarfe huɗu na asuba a Valparaíso
nake tsame hannu daga kwaɓin burodi,
in hau matakala ɗari da sittin zuwa gida
don in tashi Rayen.
Sau da yawa nakan tarar ta riga ni:
tana bakin gado, ido a rufe, tawul a wuya,
littafin kimiyya kife a ƙasa
kamar kwalekwalen da igiyar ruwa ta juya.

Shekararta goma sha shida.
Gashinta warin maganin tafki yake,
nawa warin yis.
Tebur ɗaya muke ci, amma tun shigowar sanyi
hirarmu ba ta wuce "miƙo gishiri."

Sai ga takarda daga makaranta.
Malama Ulloa ta zagaye makin da jan biro
har bakin biron ya huda takardar.
Na ce, ruwa ba ya biyan kuɗin haya.
Na ce, taura biyu ba ta taunuwa.
Na faɗi wasu abubuwan da ba zan maimaita ba,
na ɗauke tabaran ninƙayarta
na cusa cikin gwangwanin sukari.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.
Ta dube ni kallon da ake wa baƙo a tasha,
ta ja ƙofa a hankali,
irin hankalin da ya fi bugu zafi.

Kwana tara gidan ya yi tsit,
har ina jin jiragen ruwa suna gaisawa can ƙasa.
Uwarta ta kira daga arewa, inda take aikin jinya,
ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce:
"Evaristo, ita kake ji wa tsoro, ko kanka?"
Na ce layin ba kyau.

Rana ta goma na bi sawunta
da gari a gira, na laɓe bayan ginshiƙi.
Ga ta tana tsaga ruwa ba tabarau,
idanu jajur kamar garwashin tanda.
Duk sanda ta ɗago ta shaƙi iska
leɓenta na motsi.
Na zaci addu'a ce.
Tsohon mai horar da su, Baldomero,
bai ko waiwayo ba ya ce da ni:
"Sunayen sinadarai take jerawa.
Zuwa, layi ɗaya. Dawowa, layi ɗaya.
In ta manta, ta sake daga fari."

Da dare na wanke tabaran sau uku,
sukarin ya ƙi fita daga lungun roba.
Na ajiye kan littafinta. Ban ce komai ba.
Da safe na tarar da rabin lemo a saman hulata.

Kada ku zaci ta zo ta ɗaya.
A jarrabawa da ƙyar ta haye,
kamar mai tsallake kwata da kaya a ka.
A gasa ta zo ta huɗu,
gurbin da ba a ba shi ko ƙyalle.
Ni kuwa na yi ihu har muryata ta dishe,
ta rufe fuska don kunya.

Ran Lahadi ta ja ni gefen da ba zurfi.
Shekara hamsin da ɗaya ina kallon teku,
ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba.
"Saki jikinka, Baba. Kwanta."
Ta tallabi ƙeyata da tafi ɗaya,
yadda na taɓa tallabar tata
a kwanon kwaɓi, tana 'yar wata biyu.
Kunnuwana suka cika, duniya ta yi nisa.
Ina kallon rufi, ina jiran nutsewa.

Har yau ban san lokacin
da ta janye hannun ba.