Kawu Arzika a Cikin Ƙamus

Ranar Laraba, darasin ƙarshe,
rana ta take, alli ya kusa ƙarewa,
da guntun da ya rage na rubuta a allo: pikaresk.
Haulatu ta ɗaga hannu daga bencin baya,
"Mushe, wannan ci ake ko sha?"
Aji ya fashe. Ni ma na dara.

Na buɗe ƙamus na karanto musu:
baƙuwa ce daga Sifaniya, uwarta pikaro,
wato tantiri, ɗan duniya.
Labarin wanda bai gaji gona ba, bai gaji suna ba,
sai ciki, da baki, da ƙafafu biyu.
Suka rubuta. Idanunsu na kan ƙofa.

Sai na rufe littafin.
Na ce, ajiye biro, ku ji na kawuna Arzika.

A Bagalam aka haife shi, bayan gidan wani mahauci.
Yana shekara tara ya zama yaron mai awon gyaɗa,
can ya gane babban yatsa ma
yana taya sikeli nauyi.
Aka kore shi ran da ya gwada wa maigidan.
Ya koma karen mota, Maraɗi zuwa Ɗan Isa,
ya ga yadda jika ɗaya ke rufe idon duwan
har buhu arba'in su wuce ba a gani ba.
A Tibiri ya ɗauki jakar boka:
shi ke riga shiga gari da dare, ya sha fura, ya sha gulma,
da safe boka ya buga ƙasa
ya ga duk abin da Arzika ya ji.
Ya sayar wa wani alhaji jar akuya ran kasuwa,
mako na zagayowa ya sake sayar masa da ita,
baƙa wul, ta sha shuni.
Ruwan sama ne ya tona.
Kwana tara ya yi a kaso,
ya fito sanye da takalman mai gadi.

Yanzu aji ya yi tsit,
har ana jin kabu-kabu na wucewa a titi.

Na ce, to kun ga ƙirar abin.
Kamar tsire yake: yanka-yanka, kowane da ɗanɗanonsa,
tsinken da ya ratsa su shi ne mutumin.
Kowane ubangida babi guda.
Kuma da bakinsa yake faɗa, ni, ni, ni,
don haka ku ci, amma ku rage wa shakka wuri.

Kada ku liƙa kalmar ga kowane labarin ɓarawo,
ko na jarumin da ya tafi nema da takobi.
Wannan yunwa ce ta kora shi.
Marubuci yana aikensa ne ta ƙofar baya,
inda ake zubar da toka da ƙasusuwa,
ya leƙo abin da mai zama a zaure ba ya gani.
Kana dariyar mai satar takalmi,
sai ka farga da manyan riguna
da suka saci abin da ya fi takalmi
ba wanda ya kai su kaso.

Nomau ya ce, "A ƙarshe ya tuba?"
Na ce ya dai tsufa.
Ya rasu a Madarunfa yana sayar da kifin da bai kama ba,
ina binsa jika biyu har gobe.

Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya motsa.
Haulatu ta ƙura min ido:
"Mushe, tsakani da Allah, kana da kawu Arzika?"

Na kakkaɓe allin hannuna,
na saka ƙamus a hammata.
Na ce gobe kowa ya zo da dala biyar,
zan faɗa muku.