Dashen Kawu Mati

Kawu Mati ya dawo daga Gembu farkon damina,
Shekara sha tara a can, bai zo mana da mota ba.

Kwali guda ya sauke a ƙofar gidanmu a Daura,
Dashen shayi sha biyu, ko ɗaya bai karye ba.

Ya ce can bisa dutse gajimare ke kwana a gona,
Ganye ya sha raɓa ya ƙoshi, rana ba ta gasa shi ba.

Ya haƙa ramuka bayan rumbu, kusa da bedi,
Ran Laraba ya ja ragonsa kasuwa, bai dawo da shi ba.

Buhun kamfa ya sayo, da rabin buhun yuriya,
Ya haɗa da kashin awaki da tokar murhun Tasalla,
Ya ce ko jariri bai sami irin wannan gata ba.

Inna Tasalla na sussukar gero, ta ɗago ta dube shi:
"Mati, jigawar nan ta san wake, ta san gyaɗa,
Baƙon naka dai ba ta san sunansa ba."

Sati uku ganye ya yi kore har da sheƙi,
Kawu na zagaye da buta, bai ko zauna ba.

Sai ruwa ya ɗauke, bakin ganye ya soma ƙuna,
Ya ƙara yuriya cikin tafi biyu, bai yi shawara ba.

Lurwanu malamin gona ya tsuguna ya murza ƙasar,
Ya ɗanɗani ruwan rijiya, ya tofar, bai haɗiye ba.

Ya ce, "Shayi ƙasa mai tsami yake so, da sanyi,
Kai ka ba shi toka, ga kanwa a ruwanka,
Taki abinci ne, Kawu, bai zama gida ba."

Sha ɗaya suka bushe kafin a yanke gero,
Na tumɓuke su da hannuna, Kawu bai leƙo ba.

Ɗaya ya rage a fasasshiyar randa bayan ɗaki,
Inda inuwa ke wuni, wanda taki bai kai gare shi ba.

Ruwan sama yake tara masa a tulu uku,
Ya rufa masa tsumma da rani, bai yarda da kowa ba.

Ragowar kamfa muka kai gonar gero ta Daberam,
Dami arba'in muka ɗaure, ba mu taɓa ganin haka ba.

Shi kuwa na randa, a shekara ganyensa cikin tafi,
Kawu ya shanya, ya murza, ya dafa a ƙaramar buta,
Mu bakwai muka kurɓa, bai kai kofi biyu ba.

Inna ta ce ɗaci gare shi, a miƙo mata sukari.
Kawu ya rufe ido yana shaƙar tururin,
Na kira shi sau biyu, bai amsa ba.